Kwalbar Zaiba, Sadakin Kaka

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma a makon jiya Kaka ta riga mu tafiya. Ta cika ranar Laraba da hantsi a ɗakinta, bayan ta sha kunu ta yi wa wadda ta dama shi faɗan rowar tsamiya. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe mata, Ya sa Aljanna ce makomarta.

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nata ba. Matan da suka yi sana'ar bandar kifi tare da ita suka shigo da kuka riƙe da bakin mayafi, amma kafin a gama gaisawa sai wata ta ce, "Kun tuna ranar da ta bi dillalin nan da ludayi har bakin titi?" Nan take kuka ya rikiɗe ya koma dariya, a share hawaye a sake sabon labari. Masunta suka zo daga Kirikasamma da Baturiya, wasu ko ƙarnin kifi bai bar rigarsu ba. Wani tsoho a cikinsu ya riƙe hannun Baffa, babban ɗan Kaka, ya ce, "To yanzu wa zai riƙa kushe mini kifi? Tun ina saurayi nake kawo mata, ba ta taɓa cewa ya yi kyau ba, ba ta kuma taɓa saye a hannun wani ba."

Mu jikoki kuwa muka yi abin da jikoki ke yi idan tsohuwa ta cika da shekarunta. Wata ƙanwarmu ta ɗaura tsohon zanen Kaka, ta ɗora tabaranta a kan hanci, ta ɗauki sandarta ta fito tsakar gida tana ɗingishi tana cewa, "Wane ragon ne ya bar mini wuta tana ci? Banda hayaƙi take so, ku da ba ku san komai ba sai ci!" Gwaggo ta tashi za ta kore ta, dariya ta hana ta miƙewa. Har liman da ke zaure sai da ya rufe baki da carbi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Yana zaune a gindin banda, ya zuba wa tafin hannunsa ido. Ɗan Baffa ne, ƙanena ke nan, wanda Kaka ke kira Ango. Saboda shi na ɗauki alƙalami, don kada a tuna da faɗan Kaka a manta da abin da faɗan ya ceto.

Sai na fara da ƙorafina, tunda yanzu ba ta nan balle ta katse ni. Ni ne mijinta na fari a cikin jikoki. Ni nake cin kan tarwaɗa, ni ake ɓoye wa ƙanzo. Ranar da aka haifi wannan yaron ta dube ni ta ce, "Tsohon miji, ba ni takardata, na yi sabo." Ina ɗan shekara bakwai aka yi mini wannan cin amana, kuma har ta koma ga Allah ba ta dawo da ni ba. In na kawo mata goro sai ta ce, "An gode, amma na Ango ya fi zaƙi," alhali Angon bai kawo ko ɓawo ba.

Bandarta tana can bayan gidanmu, ta fuskanci fadama. A nan ta ci, a nan ta ciyar da mu. Takan ce kifi kamar baƙo yake, in ka gaggauta shi sai ya ɓata maka suna. Ba ta yarda a sa mata itace mai wari, ba ta yarda mai taba ya tsaya kusa, kuma ba ta yarda a zubar da ruwan wanki ta wajen da ke gangarawa kogi. In ta kama ka za ka ji maganar da duk zuri'armu ta haddace: "Kogi ba shi da aljihu. Abin da ka ba shi, a tukunyarka zai ajiye maka."

Shekarun da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, kamun kifi ya ja baya, ambaliya kuma ta riƙa cinye shinkafa, samarin unguwarmu suka fara tafiya haƙar zinare can yamma. Ango ya bi su. Baffa ya hana, Kaka ta ce a bar shi. "Yunwa ba ta jin wa'azi," in ji ta. "Ya je ya gani."

Da damina ta sauka ramuka suka cika da ruwa, sai ga shi ya dawo da sabuwar waya da buhuna biyu na garin dutse da bai gama wankewa ba. Ya ce a gida ruwa kyauta ne, kuma babu ubangidan da zai raba da shi. A aljihunsa akwai wata 'yar kwalba da ta fi girmanta nauyi. Ya zuba kaɗan a tafin hannu, abin yana ƙyalli yana gudu yana rarrabuwa yana sake haɗewa. Su a wurin haƙa makuri suke ce masa. Kaka ta leƙa ta ce, "Zaiba ce, ba yau aka fara ganinta ba. Abin da ya ƙi zama wuri ɗaya ba na ƙaunarsa, ko mutum ne."

Na ga yadda yake aikin, domin ni ma na tsaya kallo har da yabawa. Zai zuba garin dutsen a daro da ruwa, ya ɗiga zaiba, ya yi ta murzawa da hannu tsirara. Zaibar ta tattara ƙurar zinaren ta riƙe. Sai ya tace a ƙyalle ya matse, a samu ɗan dunƙule mai launin toka. Wannan dunƙulen zai ɗora a cokali ya kai kan garwashi, ya sunkuya yana hurawa. Zaibar ta tashi ta bi iska, zinaren ya rage. Ruwan daron kuma ya watsa shi a kwatar da ke sauka fadama. Duk wannan a bayan idon Kaka ake yi, ranakun da take kasuwar kifi.

Ita ta fara lura da hannunsa. Da safe ya miƙa mata kofin shayi, rabi ya zube a tabarma. Ta ce, "Ango, ganina ne ya sa ka rawar jiki? Ai mun daɗe da wuce nan." Aka yi dariya, shi ma ya yi ta yaƙe. Amma abin bai tsaya ba. Maɓallin riga ya fara ba shi wahala, dasashinsa na jini, ya ajiye abu ya manta, ga saurin fushi da ba mu san shi da shi ba. Yaron da ko kaza ba ya tsawatar wa, sai ga shi yana daka wa matarsa tsawa, ita kuwa tana da ciki.

Rigimar ta ɓarke ne wata ranar kasuwa da Kaka ta dawo da wuri saboda ƙafarta. Ta zagaya baya, ta tarar da shi durƙushe a bakin bandarta, cokalinsa a kan garwashinta, ga tarwaɗa da karfasa jere a sama suna shan hayaƙin. Ina wurin, don haka ba labari aka ba ni ba.

"Me kake dafawa a wutata?"

"Kaka, minti biyu ne, yanzu zan ɗauke."

"Na ce me kake dafawa?"

Ya gaya mata. Ta tambaye shi inda zaibar ke tafiya in ta bar cokalin. Ya ce ɓacewa take yi. Ta ce, "Tunda uwata ta haife ni ban ga abin da ya ɓace a banda ba. Duk abin da ya tashi, a jikin kifi yake sauka. Sana'ar ke nan, sakarai!"

Ta sa ni na kwashe kifin nan gaba ɗaya, na haƙa rami can nesa da ruwa na binne. Kifin da aka riga aka yi alkawarinsa ne da wani mai kai kaya kudu. Baffa ya fito yana cewa, "Inna, ko kaji a ba su mana, asara ai ba ibada ba ce." Ta ce, "Kajin ba cin su za ka yi ba?" Ta kuma sa aka rushe bandar, aka ɗebo sabuwar ƙasa aka gina wata. Shi kuwa Ango ya ɗaga mata murya a ranar, ya ce tsufa ne ke damunta, kowa a wurin haƙa haka yake yi kuma ba wanda ya mutu. Na ji kamar in mare shi. Ita kuwa ta shige ɗaki ta saki labule. Kwana da kwanaki ba ta kira shi Ango ba, sai dai ta ce "ɗan gidan Baffanku". A gidanmu babu hukuncin da ya kai wannan zafi.

Duk da fushin, ita ta matsa aka kai shi asibiti, ta kuma ce ƙafarta ƙafarsa. Likitan ya tambayi sana'arsa, ya sa shi ya miƙe hannuwa, ya duba bakinsa. Ya ce hayaƙin zaiba ne yake shaƙa, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma mai ciki da jariri sun fi kowa shiga haɗari. Ya ƙara da cewa wadda ake zubarwa a ruwa tana kwanciya a laka, ƙananan kifi su ɗauka, manya su cinye ƙanana, mutum ya cinye manyan. Kaka ta juyo ta dubi Baffa ta ce, "Ka ji? Aljihun da na ce babu." Sai ta tambayi likita ko hannun zai daina rawa. Ya ce in ya rabu da zaiba akwai fata, amma a hankali, kuma ba zai yi mata alkawari ba.

Matsalar ita ce Ango ba shi da niyyar rabuwa da ita. Buhunansa na nan, a cikinsu yake hangen kayan suna da ragon suna. Baffa ya yi faɗa, ya yi barazanar kora, yaron ya ɓoye kwalbar. Liman ya yi nasiha, Ango ya ce to, amma bai fasa ba. Kowa ya gwada ƙarfinsa ya gaji.

Sai Kaka ta fito da nata makamin. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gida cike da jama'a, ta yi kwalliya har da jan baki, ta zauna a tsakar gida ta ce a kira mata ɗan gidan Baffa. Ya zo ya durƙusa yana sunkuyar da kai.

"Jama'a ku shaida," in ji ta. "Wannan mutumin shekara da shekaru yana amsa sunan mijina, ko sisi bai biya na sadaki ba. Tsohon mijina ga shi nan," ta nuna ni, "matsiyaci ne amma yana kawo goro. Yau ko a biya ni ko in koma gidansa."

Na ce, "Ƙofa a buɗe take, na ma share ɗaki."

Gida ya ɗauki shewa. Ango ya yi murmushi karo na farko cikin makonni, ya ce, "Kaka, faɗi abin da kike so. In na sayar da zinaren nan har ɗan kunne zan yi miki."

"Kunnena ya tsufa. Kwalbar nan nake so."

Kowa ya san jika ba ya hana kakarsa abin da ta roƙa cikin wasa a gaban mutane, sai dai in yana so a yi ta yi masa gori har jikokinsa. Faɗan uba ana iya noƙe masa, wannan kuwa babu ta inda za a zille. Ango ya daɗe a durƙushe. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da ita, ya ajiye a gabanta da hannu biyu, hannun na karkarwa.

"To da me zan wanke ƙasata?" in ji shi.

"Ɗauko mini ƙwarya da daro, Ango."

Duk macen Haɗeja ta san rege shinkafa, amma na Kaka daban ne. Tsakuwa ko ɗaya ba a taɓa taunawa a tuwonta ba. Ta ɗebi garin dutsen nan a ƙwarya, ta tsoma a ruwa, ta fara juyawa tana karkatawa, mai sauƙi yana ficewa ta baki, mai nauyi yana kwanciya a ƙasa. "A shinkafa na ƙasan ake zubarwa," ta ce, "a nan shi ake so. In ban da haka duk aikin ɗaya ne." Ta yi ta yi har muka fara gajiya da kallo. Can sai ta karkata ƙwaryar wajen rana, ga wani siririn layi rawaya a gefen baƙin yashi. Ango ya buɗe baki. Su ma a can suna wankewa da kwano, amma sama-sama, sauran su bar wa zaiba.

Ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba, hanyarta ta fi cin lokaci, kuma akwai ƙurar da ta yi laushi ƙwarai da ke bin ruwa ta tafi. Ango ya yi mita har ya gode Allah. Ita kuma ta ce, "Wadda ta tafi sadaka ce, wadda ta tsaya taka ce, kuma za ka ƙirga ta da hannun da ba ya rawa." Ta sa ya haƙa rami a tudu yana tara ruwan wankin a ciki. Abin da ya taru ya kai wa wani maƙerin zinare a Kano, ya narka masa da farin garin da suke narka zinare da shi, ba tare da ko ɗigon zaiba ba. Ragon suna dai an yanka, ko da yake Kaka ta ce ta ga zakaran da ya fi shi ƙiba.

Daga nan sai gidanmu ya koma makaranta. Abokan tafiyarsa suka riƙa zuwa kallo, wasu don su yi dariya. Takan zaunar da su ta cika su da dambun kifi, sannan ta ce wa kowanne ya miƙo hannu ta gani. Wanda ta ga yatsunsa na motsi sai ta ce, "Kai ma ina sonka. Ina sadakina?" Wasu sun kawo, wasu sun gudu ba su sake biyo layinmu ba. Waɗanda suka kawo ta koya musu rege, tana dukan bayan hannunsu da ludayi in sun yi gaggawa. Har a wurin haƙa, in ji Ango, akwai 'yan tsirarun da ake yi wa tsiya ana ce musu masu wankin shinkafa. Ya ce tsiyar ba ta dame su ba, tunda kuɗin sayen zaiba ma ya huta.

Kwalaben kuwa ta rasa yadda za ta yi da su. Ba a zubawa a kogi, ba a ƙonawa, ta kuma ce ƙasa ma amana ce. Sai ta toshe bakin kowacce da kyau, ta jera su a tsohuwar tukunyar ƙarfe cikin yashi, ta rufe, ta kulle a rumbun da ba a zuba hatsi. Mabuɗin yana ɗaure a bakin zanenta har ranar da ta cika. Bayan sadakar uku aka buɗe rumbun, wani daga cikin dangi ya ce ai wannan dukiya ce, masu saye na nan, a sa a cikin gado. Ango ya miƙe ya ce, "Sadakinta ne, kuma ba ta karɓa don a mayar wa wani ba. Wanda ya sayar da ita ya sayar da hannun ɗan wani." Baffa ya goyi bayansa. Baffan da kansa ya je ya yi magana da 'yan duba-gari, suka zo suka ɗauki tukunyar a rufe.

Akwai abu ɗaya da na bari sai ƙarshe. Tun daga ranar sadakin nan, duk Juma'a Kaka takan sa Ango ya ciko ludayi da fura har baki, ya ɗauko daga ƙofar zaure zuwa tabarmarta. Farkon abin kaji ne ke cin riba. Mu yi ta dariya, ita ta fi kowa. Amma in ya iso takan kama hannun ta riƙe, ta ce, "Ka dage, Ango. Kai nake so ka karɓe ni ranar da za a sa ni a kabari. Ba na son mai rawar hannu, kada ka suɓutar da ni in tashi in yi maka rashin mutunci a gaban liman." Watanni suka wuce, furar da ke isa ta riƙa ƙaruwa. Bara ta fara isa a cike, sai dai wani lokaci in ya gaji ɗan yatsansa yakan motsa, ita kuma ba ta taɓa yin kamar ba ta gani ba.

Ranar Laraba da muka kai ta makwancinta, Baffa ya naɗe hannun riga zai shiga. Sai ya tsaya, ya waiwayo ya dubi ɗansa, ya matsa gefe. Ango ya sauka. Ni ina sama ta wajen kai, ni na miƙa masa ita, tsohon miji yana miƙa wa sabo. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, kuma idona bai bar hannunsa ba. Ya karɓe ta, ya juya ta a hankali, ya kwantar da ita a kan damanta tana fuskantar alƙibla. Hawaye na zuba a gemunsa, kafaɗunsa na girgiza, amma hannun nan ko motsi bai yi ba.

Da ya fito na kama shi na jawo shi sama. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Yaya, ka gani? Ban zubar ba."

Allah Ya haskaka kabarinki, Kaka. Na yafe miki takardar.